Are You Experienced

Are You Experienced shi ne faifan farko na ƙungiyar The Jimi Hendrix Experience. An naɗe shi a Landan, ya fito a Ingila a watan Mayu 1967. Hendrix, Ba'amurke bahago, shi ke kaɗa jita, Noel Redding na kan bas, Mitch Mitchell na kan ganguna. Darajar faifan tana ga yadda Hendrix ya kama kukan lasifika, abin da makaɗa ke gudu, ya sarrafa shi ya zama kiɗa. Masu cewa hayaniya ce kawai ba su yi masa adalci ba, domin waƙar "Red House" da ke cikin faifan tsantsar blues ce ta baƙaƙen Amurka, kuma a kan blues ɗin ya ɗora sauran waƙoƙin. Faifan ya kai matsayi na 2 a Ingila, bayan Sgt. Pepper na Beatles.