Yadda Tsawa Ta Kafa Wa Masu Harba Roka Doka

Mutumin Suleja ba ya bukatar a yi masa bayanin hadarin farkon damina. A Afrilu ko Mayu, da zarar gabas ta haɗe, iska ta taso, walƙiya ta fara wasa a kan Dutsen Zuma, 'yan kasuwa sun san lokacin kwashe kaya ya yi. Abin mamaki shi ne, injiniyoyin da suka kai mutum duniyar wata sai da suka yi asara mai yawa kafin su ba hadari irin wannan girman.

Ranar 14 ga Nuwamba 1969 aka harba kumbon Apollo 12 daga cibiyar Kennedy da ke Florida a Amurka, ana tsaka da ruwan sama, Shugaba Nixon na zaune yana kallo. Babu tsawa a sararin a lokacin, shi ya sa aka ba da izini. Sakan 36 da tashi aradu ta faɗa wa rokar, a sakan na 52 ta sake. Na'urori suka rikice, fitilun gargaɗi suka kama ko'ina a gaban ɗan sama jannati Pete Conrad da abokan tafiyarsa biyu. Wani matashin injiniya da ke ƙasa, John Aaron, shi ya gane makunnin da za a juya, Alan Bean, ɗaya daga cikin abokan tafiyar Conrad, ya juya shi, bayanai suka dawo. Allah Ya kiyaye, suka isa wata, suka komo lafiya.

Binciken da ya biyo baya ne ya gano abu mafi muhimmanci: rokar ce da kanta ta janyo aradun. Dogon jikinta na ƙarfe da wutsiyar hayaƙi mai zafi da take ja sun zame wa wutar da ke kwance cikin gajimare hanyar sauka ƙasa. Ashe gajimaren da ya yi shiru ma abin tsoro ne.

An tsaurara dokoki, amma ba a riƙe su da hannu biyu ba. A ranar 28 ga Janairu 1986 sanyi ne ya yi ɓarna: ya ƙandare zoben roba da ke toshe mahaɗar roka, kumbon Challenger ya tarwatse bayan sakan 73, mutum bakwai suka rasu, alhali injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren jajibiri. Wannan ya fi komai ciwo a tarihin nan. Sai kuma 26 ga Maris 1987, aka harba rokar Atlas-Centaur cikin ruwa da gajimare mai kauri. Aradu ta taɓa kwamfutarta, ta karkace, ta wargaje tare da tauraron sadarwar sojan ruwan Amurka. Daga nan aka tara masana yanayi suka sake rubuta ƙa'idojin, har da kaurin gajimare da nisansa. Ɗaya daga ciki ta ce idan aka ga walƙiya cikin tazarar kimanin kilomita 18, sai an jira minti 30.

Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, hedikwatarta kuma tana Abuja, nan kusa da Suleja. Taurarinta na ɗan Adam na farko daga Rasha da Sin suka tashi: NigeriaSat-1 daga Plesetsk a 2003, NigComSat-1 daga Xichang a 2007. A Florida ne dokar tsawa ta iske mu. Ranar 1 ga Yuni 2017 rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ta shirya tsaf, cikin kayanta akwai Nigeria EduSat-1, ɗan ƙaramin tauraron da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi tare da NASRDA da wata cibiyar fasaha a Japan. Saura ƙasa da rabin awa walƙiya ta faɗi kusa, lokacin jira ya zarce lokacin tashi, aka fasa. Sai 3 ga wata ta tashi, kuma a 7 ga Yuli aka saki tauraron daga tashar ƙasa da ƙasa da ke sararin samaniya.