Daga Malfar Jaji Zuwa Layin Zaɓe

A zaɓen 1959, wanda ya share fagen samun 'yancin kai, matan Kudancin Najeriya sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa suna cikin gida. Hujjar manyan jam'iyyar NPC ta Arewa ita ce al'ada da addini ba su yarda mace ta shiga wannan fage ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, a ƙasar nan ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin Nurul Albab, ya yi tir da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. A nan ne kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru: ta ɗora wa jaji, wato malamar da ke jagorantarsu, malfa, ta naɗa mata jan rawani, ta tura ta ƙauyuka karantar da mata. Kusan shekara ɗari bayan rasuwarta aka ce jikokin waɗannan mata ba su isa su zaɓi wakili ba.

Wadda ta fi shan wuyar wannan magana ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Garin Zariya. An yi mata aure tana 'yar shekara 13. Ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano da ƙuruciyarta, ta hau duro gaban maza tana neman a bai wa mata ƙuri'a, a daina aurar da yara ƙanana. Ta sha duka, an kore ta daga Kano, ta shiga kurkuku har sau 16. Makamin da aka fi jifan ta da shi, ita da matan NEPU, kalma ɗaya ce: karuwa. Mace ta gari, in ji su, ba ta ɗaga murya a bainar jama'a.

Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja, matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi. Gambo ta rayu har 2001, ta ga wannan rana, yanzu ma akwai asibiti mai sunanta a Zariya.

To, ƙuri'a dai ta samu. Ranar zaɓe a unguwarmu layin mata ya kan fi na maza tsawo, wasu da goyo, tun hantsi har la'asar. Amma Majalisar Dattawan da aka rantsar a 2023 mata uku kacal ta ƙunsa cikin kujeru 109, kuma har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurin ware wa mata kujeru.

Wata maƙwabciyata, malamar makaranta, ta taɓa neman kansila. Taron fitar da ɗan takara ƙarfe sha biyun dare aka sa shi, lokacin da in ta fita za a yi da ita a gari. Washegari dattawan jam'iyya suka zo har zaure.

"Hajiya, ki yi haƙuri ki janye wa ƙaninki, ku iyayenmu ne."

Aka ba ta muƙamin shugabar mata. Da hannunta ta raba atamfa da sabulun kamfen ɗinsa gida-gida.