Just Fontaine: Mai Ƙwallo 13 A Gasar Kofin Duniya Guda

An haifi Just Fontaine a Marrakesh ta ƙasar Maroko a 1933, ya kuma yi suna a ƙungiyoyin Nice da Reims na Faransa. A Gasar Kofin Duniya ta 1958 a Suwidin ya ci wa Faransa ƙwallo 13 cikin wasa shida, da takalmin aro ma, kuma har ya rasu a 2023 ba wanda ya kamo shi. Karayar ƙafa ce ta raba shi da fili a 1962, yana ɗan shekara 28 kacal.

Daga baya ya horar da tawagar Maroko. A zamaninsa ta zo ta uku a Gasar Kofin Afirka ta 1980, wadda Najeriya ta lashe a Legas.