Rachmaninoff: Hijirar da Ta Arzuta Makaɗi, Ta Ƙafar da Alƙalami

A ƙarshen Disambar 1917, Sergei Rachmaninoff ya bar birnin Petrograd da matarsa Natalia da 'ya'yansu mata biyu, suka ƙetara iyakar Finlan cikin tsananin sanyi. Hujjar da ya bayar ita ce gayyatar wasa a Stockholm. Kowa a gidan ya san ba wasan ba ne ya fitar da su: juyin juya halin Bolshebik ya ci ƙasar, gandunsa na Ivanovka, inda ya rubuta mafi yawan kaɗe-kaɗensa, ya kuɓuce masa. Yana da shekara 44, bai kuma sake taka ƙasar Rasha ba.

A al'adar kiɗan gargajiyar Turai, mai tsara kiɗa daban, mai kaɗawa daban. Na farko yana zaune da takarda yana rubuta sauti da alamomi, na biyu ya hau dandali ya kaɗa abin da aka rubuta, ko da marubucin ya shekara ɗari a kabari. Rachmaninoff ya haɗa biyun, har da jagorancin ƙungiyar makaɗa, amma a Rasha rubutun ne sana'arsa.

Tun yana ɗan shekara 19, a 1892, ya rubuta wani gajeren kiɗan piyano da ya karaɗe duniya. Da yake Rasha ba ta cikin yarjejeniyar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa da ƙasa, masu ɗab'i na waje suka yi ta buga shi suna sayarwa, shi kuwa ko sisi. Sai kuma faɗuwar 1897. An gabatar da simfoninsa na farko, wato dogon kiɗa na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, ƙarƙashin jagorancin Alexander Glazunov, aka kaɗa shi a hargitse. Mai sharhi César Cui ya kwatanta shi da annobar da ta afka wa Masar zamanin Fir'auna. Kusan shekara uku Rachmaninoff ya kasa rubuta wani abin kirki, sai da wani likita, Nikolai Dahl, ya riƙa zama da shi a 1900 yana kwantar masa da hankali. Abin da ya biyo baya shi ne Konsato na Biyu, kiɗan da piyano ke jan gaba sauran kayan kiɗa na yi masa amshi. Ya kammala shi a 1901, ya sadaukar da shi ga likitan. Har yau shi ne aka fi saninsa da shi.

Wannan mutum ne ya sauka New York a Nuwamban 1918, ba gida, ba dukiya, ga iyali. Rubuta kiɗa ba ya ciyar da baƙo da wuri. An yi masa tayin jagorancin ƙungiyar makaɗa ta Boston, ya ƙi. Maimakon haka, a shekarun da wasu ke neman hutu, ya koma kan piyano yana tisa ayyukan Chopin da Liszt da Beethoven kamar ɗalibi, ya mai da kansa makaɗin yawo. Ya yi nasara ƙwarai: ya zama ɗaya daga cikin gwanayen piyano na ƙarninsa, kuɗi suka shigo.

Lissafin ayyukansa ne ke nuna abin da nasarar ta ci. Cikin ayyukansa 45 masu lamba, 39 kafin hijira ya rubuta su. Shida kacal ya iya a shekara 25 da suka rage masa. Akan ɗora laifin a kan yawan tafiye-tafiye, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba, domin a Rasha ma yana yawon wasa yana kuma rubutu. Abin da ya rasa shi ne wurin da yake rubutun. Shi da kansa ya danganta bushewar da rabuwa da ƙasarsa, kuma rayuwarsa ta gaskata shi. Sai da ya gina gida a bakin Tafkin Lucerne na Suwizalan a shekarun 1930, ya raɗa masa suna Senar daga farkon sunansa da na matarsa, ya yi ta dashe-dashe don ya yi kama da Ivanovka, sannan alƙalami ya ƙara kuzari. A can ya rubuta Rafsodi a kan wani sautin Paganini a 1934, ya kammala Simfoni na Uku a 1936. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba shi da wannan gidan ma a 1939.

Dangantakarsa da gida ta kasance mai ɗaci. A 1931 ya sa hannu a wata wasiƙa da jaridar New York Times ta buga tana sukar gwamnatin Sobiyet, aka ƙaurace wa kiɗansa a can na ɗan lokaci. Amma da sojojin Hitler suka auka wa ƙasar a 1941, kuɗin wasanninsa ya riƙa aikawa don taimakon yaƙin.

Wasansa na ƙarshe a Knoxville ta jihar Tennessee ya yi shi, ranar 17 ga Fabrairun 1943, cutar daji ta riga ta ci jikinsa. A watan ne ya karɓi takardar zama ɗan Amurka. Ya rasu a Beverly Hills ranar 28 ga Maris, kwanaki kaɗan kafin ya cika 70, aka binne shi a maƙabartar Kensico da ke jihar New York.