Kunne ya girmi takarda a Damargu

Tun zamanin da ayarin Abzinawan Kel Ewey ke sauka Damargu su ɗauki gero su kai Abzin da Bilma, ƙasar nan harsuna huɗu take ji: Hausar manoma, Barbarcin Dagirawa, Tamajak na Abzinawa, da Fillancin makiyayan da har yau ke kiwo a wajen Tenhiya. Ba takarda ce ta raya su ba. Abzinawa suna da rubutun Tifinag, malamai suna da ajami, amma asalin kowace zuri'a, da haƙƙin kowace rijiya, da waƙar yabon raƙumi, a baki suke tafiya. Don haka na'urar da ta fi taɓa rayuwar waɗannan harsuna ita ce wadda ke ɗaukar murya. Tarihinta kuwa ya nuna cewa saurare kaɗai bai isa ya riƙe harshe ba, sai masu shi sun sami damar mayar da magana.

An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, aka sake masa suna Muryar Sahel a 1974. Daga Yamai yake magana, kuma a gabashin ƙasar Hausa ce ke da kaso mafi tsoka. Ga BBC da ta fara sashen Hausa tun 1957. Makiyayin Tenhiya da ya rataya akwatin rediyo a kafaɗa ya sami labarin duniya, amma da harshen kasuwar Tanut ya same shi. Abin da ya bambanta shi ne ƙungiyoyin sauraren rediyo da aka kafa a 1962: a taru a ji shiri, a yi muhawara, mai jagora ya naɗi muryoyin a faifai ya aika Yamai, a sake watsawa. Talaka ya ji kansa a iska, ko da yake Hausa da Zabarmanci ne suka fi cin moriyar. Kaset ne ya kai abin inda hukuma ba ta nufa ba. Bayan farin 1973 da na 1984 sun watsa makiyaya zuwa Libiya da Aljeriya, waƙoƙin garayar zamani na matasan Abzinawa, irin na Abdallah Oumbadougou, suka riƙa yawo hannu da hannu har cikin shekarun tawayen Abzinawa da aka sasanta a 1995. Babu tasha, babu izini, sai mai naɗa da mai kwafa, kuma Tamajak ya sami sabbin kalmomi na gudun hijira da siyasa.

Mai musu zai ce naɗar murya adana gawa ne kawai. Yana da hujja: cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda ta faro a 1968, ta tara faya-fayan tarihin baka masu daraja, amma yaron da ke bin shanu a arewacin Belbeji bai taɓa jin ko ɗaya ba. Sai dai laifin na nisa ne. Rediyon karkara, da aka soma gwadawa a Bankilare wajen 1999 da hasken rana, ya rage wannan nisan, tunda mai gabatarwa maƙwabcin mai saurare ne. Studio Kalangou, da ya fara aiki a 2016, yana shirya labarai da Tamajak da Fillanci tare da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, ya raba wa ƙananan tashoshi.

Wani kuma zai ce shirin murya na intanet kayan birni ne, ina layi a daji? Gaskiya ne layin ba ko'ina ba, amma saƙon murya na WhatsApp da katin waya da ake cikawa ranar kasuwa suna bin hanyar da kaset ya bi. Damuwar da ta fi wannan ita ce ta doka. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kundin mulkin ƙasa na 2025 kuma ya ɗaga Hausa a kan sauran. Bahaushe na iya murna, amma a Damargu harshen da ke matse Barbarcin Dagirawa ba Faransanci ba ne, namu ne na Hausa, kuma mai shirya shiri a Tanut da ke neman masu saurare da yawa, Hausa zai zaɓa.