Kanazawa: Birnin da Tsoron Shogun Ya Ƙawata

Duk wanda ya sami kwana goma a ƙasar Japan, hanya ɗaya aka saba nuna masa: Tokyo, Kyoto, Osaka, in da sauran lokaci ya leƙa Hiroshima. Daga nan sai tambaya ta taso, ko ya dace a yanki kwana biyu a ba wa Kanazawa, birni mai mutane kusan dubu 460 da ke bakin Tekun Japan. Masu tallar yawon buɗe ido kan kira shi "ƙaramar Kyoto", laƙabin da a ganina ya fi cutar da garin fiye da taimakonsa, domin wanda zai ga babba me zai yi da ƙarama? Amma tarihin garuruwan biyu bai haɗa hanya ba. Kyoto mazaunin sarki ne da fadawansa. Kanazawa kuwa na mayaƙa ne, kuma abin da baƙo ke kallo a can yau ya samo asali daga fargabar da ta dame su shekaru sama da 250.

Kafin mayaƙan ma akwai wani labari. A shekarar 1488 manoma da ƙananan mayaƙa mabiya ɗarikar Buda ta Jodo Shinshu suka yi wa gwamnan lardin Kaga, Togashi Masachika, tawaye, suka ga bayansa. Kusan shekara ɗari suka riƙe lardin ba tare da wani babban basarake a kansu ba. Wurin ibadar da suka gina a 1546 a kan tudu, tsakanin kogunan Sai da Asano, shi ne tushen birnin. Rundunar Oda Nobunaga ta murƙushe su a 1580, kuma a 1583 Maeda Toshiie ya shigo ya zauna a kan wannan tudu.

Gidan Maeda ya yi arzikin da ya zame masa abin tsoro. A zamanin ana auna ƙarfin basarake da shinkafar da ƙasarsa ke bayarwa, da ma'aunin koku, wato kimanin lita 180, abin da ake ƙiyasta zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda. Ƙasar Kaga ta haura koku miliyan ɗaya, babu wani gida da ya kai ta in ban da gidan Tokugawa, masu sarautar shogun. Ga shi kuma Maeda ba tsofaffin barorin Tokugawa ba ne. Da Toshiie ya rasu a 1599, nan da nan aka zargi ɗansa Toshinaga da ƙulla makirci a kan Tokugawa Ieyasu. Abin da ya kashe wutar shi ne tafiyar mahaifiyarsa, Matsu, zuwa Edo a 1600 a matsayin garkuwa, inda ta zauna shekara 14. Magajinsa Toshitsune ya auri jikar Ieyasu, duk don a kwantar da hankalin Edo. Har ana ba da labarin cewa ya riƙa barin gashin hancinsa ya yi tsawo don a ɗauke shi wawa, ko da yake wannan ya fi kama da hikaya.

Dabarar da gidan ya tsaya a kai ita ce zuba dukiya inda shogun ba zai gan ta a matsayin barazana ba. Basaraken da ya tara bindigogi ya jawo wa kansa ido. Wanda ya tara masu rini da maƙeran zinariya da 'yan wasan Noh, ba mai tuhumarsa. Aka gayyato gwanayen sana'a daga Kyoto da Edo, aka kafa musu wurin aiki a ƙarƙashin fada. Basarake na biyar, Tsunanori, ya tara littattafai da samfuran sana'o'in hannu har ya yi suna da hakan. Sai dai ba su saki jiki ba. Bayan gobarar 1631 an haƙa magudanar Tatsumi a 1632, wadda ta kawo ruwa daga nisan kilomita kusan 11. An ce don kashe gobara ne, amma ruwan ya cika ramukan tsaron fada. Wuraren ibada kuma an tattara su a bakin gari, ta inda maƙiyi zai ɓullo. Ɗaya daga ciki, Myoryuji, cike yake da ɓoyayyun matakala da ƙofofin yaudara. Wannan ruwa na Tatsumi ne har yau ke shayar da lambun Kenrokuen, wanda aka buɗe wa jama'a a 1874.

Da aka rushe tsarin masarautu a 1871, garin ya faɗi. Masana'antu da manyan layukan dogo suka bi gaɓar tekun Pasifik, Kanazawa, da ta kasance cikin manyan biranen ƙasar, ta koma bayan layi. Gobarar 1881 ta cinye mafi yawan fadar, don haka gine-ginen da baƙo zai gani a can yau galibi sababbi ne, in ban da kaɗan kamar ƙofar Ishikawa. Wani hanin ga Allah baiwa ne: jiragen Amurka da suka ƙone garuruwa da dama a 1945, har da maƙwabciyarta Toyama, ba su taɓa ta ba. Shi ya sa unguwar mayaƙa ta Nagamachi da katangunta na ƙasa, da unguwar gidajen shayi ta Higashi Chaya da aka tsara a 1820, suke nan a inda aka bar su. Kusan duk zinariyar da ake bugawa ta zama sirara kamar fatar albasa a Japan, a nan ake buga ta.

Nisa ne babbar hujjar tsallake garin a da, kuma hujjar ta raunana tun 14 ga Maris 2015, ranar da jirgin Shinkansen ya fara isa can daga Tokyo cikin awa biyu da rabi. Daga can zuwa Kyoto kimanin awa biyu ne, da canjin jirgi a Tsuruga. Wato ana iya ratsawa ta Kanazawa maimakon miƙewa kai tsaye. Farashin hakan shi ne ƙarin kuɗin tikiti, da ruwan sama mai naci, da dusar ƙanƙara a hunturu, da cunkoson da jirgin ya kawo wa Higashi Chaya da kasuwar Omicho.

Wanda kwanansa bai wuce bakwai ba, kuma zuwansa na fari ne, ya haƙura, Kyoto ma ba za ta ƙare masa ba. Mai kwana goma ko fiye, wanda ke son ganin yadda birnin basarake ya kasance a zamanin Edo, ni zan ce ya rage wa Osaka kwana ɗaya ya ƙara wani, ya kwana biyu a nan. Myoryuji sai da ajiye wuri tun kafin a je, kuma Kenrokuen ya fi daɗin shiga da sassafe kafin motocin baƙi su iso.