Littafin Kunne a Ƙasar Gobir: Daga Bakin Jaji Zuwa Faifan Kaset

A shekarar 2001 wani Ba'amurke mai suna Ron Hornbaker ya ɓullo da wata al'ada, wato idan mutum ya gama karanta littafi sai ya ajiye shi a tashar jirgi ko wani wurin taruwar jama'a, domin wanda bai sani ba ya tsinta, ya karanta, shi ma ya bar wa na gaba. Har littattafan saurare, waɗanda aka karanta a faifai, sun shiga wannan tsari. Mai karatu zai ɗauka baƙon abu ne, alhali mutanen Isa da Sabon Birni sun daɗe da sanin littafin da ke yawo hannu zuwa hannu, ana karanta shi da kunne.

Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gane cewa takarda ba ta isa ko'ina. Sai ta riƙa tsara ilmi cikin waƙa, ta koyar da jajinta, su kuma su haddace su kai wa 'Yan Taru a ƙauyuka. Jaji ke nan ita ce faifan farko, kuma ba ta karɓar ko anini.

A Isa kuwa, makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har yau masana ke nazari. Narambaɗa bai rubuta su ba. Abin da aka ɗauka na muryarsa shi ya tsira, gidajen rediyo suka riƙa sakawa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma da rikoda ta yawaita a hannun jama'a daga shekarun 1970, sai kowa ya zama mai kwafa. Mutum ya ɗauki waƙa daga Rediyon Kaduna ko Rima, abokinsa ya ara ya juya, na uku ya tsallaka da ita Tsibiri ko Maraɗi, inda 'yan'uwa Gobirawa suke. Haka tafsirin malamai ya yaɗu, haka Imfiraji ta Aliyu Namangi ta isa kunnen waɗanda ba su taɓa ganin ta a rubuce ba.

Wuraren ajiyar wannan littafi su ne teburin mai shayi da shagon tela da motar haya. Direban da ya ɗauko 'yan kasuwa zuwa Shinkafi ranar Alhamis ya sa kaset, fasinja ya ji ya roƙa, ko wani ya bar nasa a motar. Ba a rubuta sunan mai aro, ba a ƙayyade ranar mayarwa. Idan zaren ya tsinke a liƙe shi, idan ya warware a naɗe da biro. Da wayar hannu ta zo bayan 2001, sai memori da turi suka gaji kaset, amma ɗabi'ar ba ta sake ba.

Amfanin wannan ya fito fili a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda ta'asar 'yan bindiga. Abin da ke cikin memori kaɗai ya rage wa mai saurare. Dubban mutanenmu kuma sun yi gudun hijira zuwa yankin Maraɗi tun 2019, yara da yawa sun bar makaranta.

To, a nan tambaya take ga marubuta. Gaskiya ne, faifan da ke yawo kyauta ba ya kawo wa mai shi kwabo, kuma guminsa hakkinsa ne. Sai dai yaron da bai iya haɗa baƙi ba, ba zai sayi littafinka ba ko da ka karya kuɗinsa. Shawarata ita ce, kowannenmu ya zaɓi labari ɗaya ko waƙa ɗaya daga nasa, ya karanta da muryarsa, ya faɗi sunansa da shekara a farko domin kada asali ya ɓace, sa'an nan ya damƙa wa mai shayi ko direba. Wanda ya ji da kunne yau, shi zai nemi takardar gobe. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.